SHAFIN MANOMA: Guba A Ruwan Sha, Wa Ya Kamata Ya Biya?

Duk manomin da ya san aikinsa, in an damƙa masa ƙasa ya murza a hannu, zai faɗi ko jigawa ce ko laka, ko ta gaji ko da sauran ƙarfinta. Haka kuma in ya leƙa rijiya ya ga ruwa ya yi jawur, ko ya ji yana ɗoyi, ba sai an ce masa kada ya sha ba. Amma akwai wata irin ƙazanta wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, harshe kuma ba ya rarrabewa. Ita ce gubar da ke fitowa daga masana'antu da wuraren aikin ma'adini. Ruwa ya kan zama garau a cikin ƙwarya, alhali kuwa ajali na ciki.

Darasin wannan mako na manoman Rawayya ne da sauran ƙasar Bunguɗu, da na Gusau da Tsafe, da 'yan kasuwa masu sayen amfaninsu, da malaman ofis waɗanda takardun jama'a ke bi ta hannunsu. Tambayoyi biyu ne a ciki. Ta fari, yaya guba ke shiga ruwan sha? Ta biyu, in ta shiga, wa zai ɗauki nauyin magani da shara da diyya? Za a ga cewa amsar ta biyu tana rataye ne ga abin da mutanen gari suka yi tun ɓarna ba ta auku ba.

ABIN DA YA FARU A ANKA DA BUKKUYUM

Ba sai an je nesa neman misali ba, gama ga shi nan cikin Jihar Zamfara. A wajen 2009 farashin zinariya ya hau ƙwarai a kasuwannin duniya, har oza ɗaya ta wuce dalar Amurka 1,000. Manoma da yawa a ƙasar Anka da Bukkuyum suka ga abin da za su samu a ramin zinariya ya fi abin da gona ke ba su, sai suka dukufa. A kan haƙo dutse a daji, a kawo shi gari cikin buhuna. A farfasa shi da guduma, a niƙa a injin niƙa irin na hatsi, ko kuwa mata su daka a turmi cikin gida. Sa'an nan a wanke garin dutsen da ruwa a bakin kududdufi ko kusa da rijiya, a sa zaiba ta kama zinariyar.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, dutsen nan cike ya ke da dalma. Ƙurar niƙa ta bi ta lulluɓe tsakar gida da ɗakuna da kwanukan abinci. Yara masu rarrafe suna wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Tun farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a ƙauyukan, amma ba a ɗauki abin a bakin kome ba. Bayan agwagi sai yara. Yaro ya kama amai da ciwon ciki, ya yi laushi, sa'an nan jijjiga ta zo, kafin kwana kaɗan a kai shi makwanci. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, ba sauƙi.

Cikin watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar, aka aika da jinin yara ƙasar waje aka auna, sai ga dalma ta yi yawan da likitoci ba su saba gani ba. Ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu suna ƙidaya. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, sun tarar 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Da aka haɗa lissafin ƙauyuka duka, irin su Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega, yaran da suka rasu sun kai wajen 400. Waɗansu da suka rayu kuwa sun makance, waɗansu sun shanye, waɗansu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

YADDA TA SHIGA RUWA

A ƙarshen daminar 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko da masana suka auna ruwa a ƙauyuka 5. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yarda da shi, shi ne kada dalma ta wuce maikurogiram 10 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Maikurogiram kuwa shi ne in an raba giram ɗaya kashi miliyan a ɗauki kashi guda. To, sun tarar ruwan rijiyoyi ya wuce wannan ma'auni, wata rijiyar ma ta ninka shi fiye da sau 10. Ruwan kududdufai, inda dabbobi ke sha yara ke wanka, ya fi na rijiyoyin ɓaci nesa. Amma rijiyoyin burtsatse da suka auna, ba su sami dalma mai cutarwa a cikinsu ba.

Wannan ya nuna abu muhimmi. Gubar ta sama ta shigo, watau ta bakin rijiya da ba murfi, da guga da igiya da a ke yarwa a ƙasa, da ruwan wankin dutse da ke gangarawa, da ruwan sama da ke kwashe ƙurar gari ya zuba a kududdufi. Babbar hanyar da ta kashe yara ita ce ƙura da ƙasar tsakar gida, ruwa kuwa ya zama ƙari, ya kuma kai cutar ga shanu da tumaki da waɗanda ko kusa da injin niƙa ba su je ba.

A nan akwai abubuwa uku da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. Na ɗaya, tafasa ruwa ba ta kashe dalma. Tafasawa ƙwayoyin cuta ta ke kashewa, dalma kuwa ƙarfe ce, in ruwa ya ƙone ma sai ta ƙara kauri a cikin wanda ya rage. Na biyu, tacewa da ƙyalle ko sa alif na iya kwantar da laka, amma ba abin dogara ba ne ga gubar da ta narke. Na uku, cikin yaro ya kan tsotsi dalma ninki 4 zuwa 5 bisa na babba, mace mai ciki kuma ta kan miƙa ta ga abin da ke cikinta. Shi ya sa a kan ga uba na aikinsa lafiya lau, 'ya'yansa na faɗuwa.

WA YA BIYA?

Magani ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ya ɗebo cutar. Saboda haka sai da aka fara share ƙauyuka tukuna. A kan kankare saman ƙasar gida da fartanya, a kwashe a kai wani rami na musamman a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Wani kamfanin injiniyoyi na Amurka mai suna TerraGraphics da ƙungiyar Blacksmith suka koya wa mutanen wurin aikin, tare da ma'aikatan Gwamnatin Jiha. Daga 2010 zuwa 2011 aka share ƙauyuka 7.

Bagega, wadda ta fi su girma, ta daɗe tana jira domin rashin kuɗi. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari cikin watan Mayu na 2012, amma kuɗin bai fito ba sai farkon 2013, bayan ƙungiyoyi da matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta kuka a jaridu da intanet. Cikin 2013 aka share garin, sa'an nan likitoci suka sami damar fara ba yara magani. MSF ta yi kusan shekara 12 tana wannan aiki, ta auna jinin yara fiye da 8,000, kafin ta miƙa shi ga Gwamnatin Jiha a farkon 2022. A 2015 kuma irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

To, a lura da inda kuɗin nan ya fito. Daga baitulmalin Gwamnati ya fito, da aljihun ƙungiyoyin agaji. Zinariyar kuwa ta tafi. Mai haƙa ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa attajiri, attajiri ya fitar da ita ƙasar waje. Waɗanda suka ci babbar riba ba su da suna a takarda, ba su da ofis a ƙauye, ba su sa hannu a wata yarjejeniya ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, amma yaya za a kama wanda ya ci ladan in ba a san ko wane ne ba? Wannan shi ne babban darasin Anka da Bukkuyum. Inda ba suna, ba takarda, ba shaida, to ba diyya.

MAJEMUN KANO

Misali na biyu na masana'antu ne sosai. Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, da bagaruwa da toka a ke yinta tun kaka da kakanni. Majemun zamani na unguwannin masana'antu, watau Sharaɗa da Chalawa da Bompai, da wani gishiri su ke aiki mai ɗauke da ƙarfen da a ke kira kuromiyam, domin ya fi sauri, fata kuma ta fi laushi. Ruwan da aka gama jima da shi, da na masaƙu masu rini, shekara da shekaru yana bin magudanu. Na Sharaɗa da Chalawa ya gangara Kogin Chalawa, wanda a bakinsa a ke ɗiban ruwan famfon birni. Na Bompai ya bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara.

Masu noman rani na bin bakin rafukan nan suna ban ruwa ga latas da alayyafo da albasa da tumatir. Malaman jami'o'i, har da na Jami'ar Bayero, sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyayen, suna samun kuromiyam da dalma da waɗansu ƙarafa a ciki. A nan masu masana'antu suna da suna, suna da ofis. Wahalar ita ce suna da yawa, magudanarsu kuma ɗaya, kowa na iya cewa ba nasa ba ne. Ga shi kuma dubban mutane na cin abinci a majemun, ba mai son a rufe su. Abin da doka ke nema, shi ne kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Injin tacewa kuwa kuɗi ne, mai masana'anta ba zai kashe su da son ransa ba in ya ga ba mai tambaya.

MAKIYAYIN DA YA KAYAR DA KAMFANI

Kada manomi ya ce wannan faɗa ya fi ƙarfinsa. A ƙasar Amurka, kusa da wani gari Parkersburg a Jihar West Virginia, an yi wani manomi mai kiwon shanu, sunansa Wilbur Tennant. Danginsa sun sayar wa kamfanin DuPont wani yanki na gonarsu, kamfanin ya mai da wurin juji. Akwai rafi da ya ratso ta jujin ya bi ta makiyayarsa. Sai ya ga rafin na kumfa, shanunsa na ramewa suna haukacewa suna mutuwa, har ya yi asarar fiye da 100.

Mutumin nan bai tsaya ga kuka ba. Ya ɗauki hoton rafin da na shanun da na'urar bidiyo, ya feɗe waɗanda suka mutu ya ɗauki hoton kayan cikinsu, ya tara kome ya adana. Da wannan ya je wurin wani lauya, Rob Bilott, aka shigar da ƙara a 1999. Kotu ta tilasta wa kamfanin ya fito da takardunsa. A cikinsu aka gano ya zubar da tan 7,100 na dagwalon wani sinadari mai suna PFOA, wanda a lokacin a ke aiki da shi wajen yin Teflon, abin nan da a ke shafa wa tukwane don kada abinci ya kama. Aka kuma gano tun 1984 kamfanin ya san sinadarin ya shiga ruwan shan maƙwabta, bai faɗa ba.

Daga shari'ar shanu sai magana ta zama ta mutane. A 2005 hukumar kiyaye muhalli ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 16.5 saboda ɓoye abin da ya sani. Mutum wajen 69,000 suka ba da jininsu aka auna, masana suka yi shekaru suna bincike, suka ce akwai alaƙa tsakanin sinadarin da cututtuka 6, har da sankarar ƙoda. A 2017 DuPont da kamfanin Chemours da ya fita daga jikinsa suka yarda su biya dala miliyan 671 don kashe ƙararraki wajen 3,550. Shi Tennant bai ga wannan rana ba, ya rasu a 2009. Amma hotunan da ya ɗauka a bakin rafi su ne mafarin kome.

A NIJERIYA MA AN YI

A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas. A wani wuri a Ogale ta tarar mutane na shan ruwan rijiya mai ɗauke da benzin, wani sinadarin man fetur mai jawo sankara, fiye da ninki 900 bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutanen garin Bodo suka kai kamfanin Shell ƙara a London saboda malalar mai, a watan Janairu na 2015 kamfanin ya yarda ya biya fam miliyan 55 na Ingila. Waɗansu manoma 4 kuma daga Oruma da Goi da Ikot Ada Udo suka kai ƙara a Holan tun 2008. Sai a watan Janairu na 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague ta ɗora wa reshen kamfanin na Nijeriya alhakin malalar Oruma da Goi, a ƙarshen 2022 kuma aka daidaita a kan yuro miliyan 15. Shekara 14 ke nan, waɗansu daga cikin masu ƙarar ma 'ya'yansu ne suka ƙarasa musu.

Abin lura a waɗannan shari'u duka iri ɗaya ne. An san sunan wanda ya yi ɓarna. Akwai awo na masana a rubuce. Mutane sun haɗa kai ba su watse ba. Duk da haka an sha jira, diyya kuma ba ta ta da wanda ya mutu ba. Shi ya sa rigakafi ya fi magani.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokokin muhalli na Nijeriya wata ɓarna ce ta haife su. A 1988 aka gano waɗansu jiragen ruwa sun kawo gangunan guba fiye da tan 3,500 daga Italiya, an jibge su a wani fili a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yanzu, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Gwamnati ta tilasta aka kwashe su. A shekarar aka yi doka mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba, aka kuma kafa hukumar kiyaye muhalli ta Tarayya. A 1992 aka yi dokar da ta ce kafin a kafa babbar masana'anta ko babban wurin haƙa, sai an binciki illar da zai yi wa ƙasa da ruwa da mutane, a rubuta rahoto, a baje shi jama'a su gani su faɗi ra'ayinsu. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, wadda aikinta shi ne bin masana'antu ta ga sun kiyaye ƙa'ida.

A 2007 ɗin kuma aka yi dokar ma'adinai. Ta hana mai haƙa ya ɓata ruwa ko hanyar ruwa. Ta wajabta masa biyan diyyar gona da amfanin da ya lalata, da gyara wurin in ya gama. Ta kuma ce kafin mai lasisi ya fara aiki sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen garin da zai yi aiki a ƙasarsu. Lasisin kansa daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja ya ke fitowa, kuma a kan nemi yardar mai ƙasa a takarda. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adini a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda rashin tsaro, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Ashe ke nan dole manoman Zamfara su zauna da shirin ganin baƙi da takardu da injuna.

ABIN DA YA SHAFI RAWAYYA DA MAƘWABTANTA

Kogin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau inda aka datse shi domin ruwan shan gari, ya bi ta Bunguɗu, ya gangara madatsar Bakolori inda dubban manoma ke noman rani. Ƙoramu da rafukan ƙasar nan, in damina ta sauka, duk abin da suka tarar a hanya kwashewa su ke yi su kai wa na gaba. Wanda ya wanke dutse a sama, na ƙasa ya shayar. Ƙasar Maru mai maƙwabtaka da Bunguɗu ana haƙar zinariya a cikinta, samari kuma daga ko'ina su kan tafi cin rani ramuka su dawo da ƙura a tufafinsu, wani ma da buhun dutse. Garin da ba rami ko ɗaya na iya kamuwa ta wannan hanya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. Kada a yarda a kawo dutsen ma'adini cikin gari, balle a niƙa shi a injin hatsi ko a daka a turmin abinci. Wurin niƙa da wanki ya zama nesa da gidaje da rijiya da kududdufi da mashayar dabbobi. Niƙa da ruwa ya fi niƙa a bushe, domin ƙura ba ta tashi. Mai aikin ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki yaro.

2. A ɗaga bakin kowace rijiya da siminti, a yi mata murfi, a kafa sanda ta rataye guga da igiya. Inda a ke shakkar rijiya, a koma burtsatse, musamman domin yara da masu ciki da masu shayarwa.

3. In baƙo ya zo da maganar haƙa ko kafa masana'anta, dagaci da masu unguwa su nemi ganin lasisinsa, a rubuta sunan kamfani da lambar lasisin da inda ofishinsa ya ke, a kai wa Hakimi da sakataren Ƙaramar Hukuma. Kada mai gona ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa a gaban shaidu ba.

4. A cikin yarjejeniya a rubuta maganar ruwa filla-filla: ina za a zubar da ruwan aiki, wa zai riƙa aunawa, sau nawa a shekara, wa zai biya magani da shara in an sami ɓarna. Alkawarin gina aji ko ba da buhunan shinkafa ba ya maye gurbin wannan. A yi kwafi uku, ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin Hakimi, ɗaya a ofishin Ƙaramar Hukuma.

5. A auna ruwan gari tun kafin a fara aiki. Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi amfani a gaban alƙali, gama kamfani ya kan ce dama haka ruwan ya ke. Ƙungiyar manoma na iya yin karo-karo ta nemi Hukumar Ruwa ta Jiha, ko Ma'aikatar Muhalli a Gusau, ko sashen kimiyya na wata jami'a. A tambayi masu awon irin kwalbar da za a ɗiba da ita. A rubuta rana da wuri da sunayen shaidu, a adana takardar sakamako kamar yadda a ke adana takardar gona.

6. A sa ido ga dabbobi. Agwagi ne suka fara faɗuwa a Zamfara, shanu ne a Amurka. In kaji ko agwagi ko kifi suka fara mutuwa ba dalili, ko saniya ta makance tana tangaɗi, a kira malamin dabbobi, a ɗauki hoto da waya, a rubuta rana da adadi. Kada a ci naman, kada a kai shi kasuwa.

7. In yara biyu ko uku a unguwa ɗaya suka kama jijjiga, maganin zazzaɓi kuma bai yi aiki ba, a gaya wa likita sarai in akwai aikin dutse kusa, a roƙi a auna jini domin dalma. Ɓoyewa don tsoron kada a hana sana'a ita ce ke ƙara yawan kaburbura.

8. Manomi ma ya gyara nasa. Kada a wanke injin feshi a rafi ko bakin rijiya, kada a zuba ruwan sha ko mai a galan ɗin da aka gama da maganin ƙwari, kada kuma a kama kifi da guba. Wanda zai tuhumi kamfani ya kamata hannunsa ya zama da tsabta.

GA 'YAN KASUWA DA MALAMAN OFIS

Ɗan kasuwa mai sayen hatsi ko wake ko gyaɗa ya dubi buhunan da a ke zuba masa kaya, kada ya karɓi wanda aka ɗauki dutse ko magani a ciki. Mai injin niƙa ya sani in ya niƙa dutse yau ya niƙa dawa gobe, unguwa guda ya ba guba. Mai sayen zinariya kuwa ya tuna ribarsa daga tsakar gidan wani ta fito, haƙƙin yaran gidan na wuyansa ko doka ta kama shi ko ba ta kama shi ba.

Malamin ofis kuma, takardar kuka da ta zo teburinsa daga ƙauye, ya buga mata hatimi da kwanan wata, ya ba mai kawowa shaidar karɓa, ya miƙa ta gaba a ranar. Bagega ta yi watanni tana jiran kuɗin da an riga an yi alkawarinsu, yara na shaƙar ƙura. Fayil ɗin da ya kwana a aljihun tebur na iya zama ran wani.

Ba wanda ke ƙin masana'anta, ba kuma wanda ke ƙin arzikin da Allah ya binne a ƙasar Zamfara. Abin da a ke nema shi ne wanda ya ci riba ya ɗauki nauyin sharar da ya bari, kada ta faɗa kan mai rijiya da mai shanu. Wannan kuwa ba ya samuwa sai mutanen gari sun san sunan mai aiki, sun riƙe takarda, sun auna ruwansu tun da wuri, sun kuma yi magana da baki ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan shafi, a kuma tayar da maganar a taron ƙungiya kafin damina ta sauka. Allah ya kiyaye zuriya, ya ba da damina mai albarka, amin.